Ranar da Ruwa Ya Haɗiye Saniya

A garin Tres Coroas da wuya yaro ya girma bai ɗanɗani ruwan kogin Paranhana ba. Ba ƙishirwa take sa su sha ba. Kwalekwale ne yake kifewa da su.

Taina tana da shekara goma sha ɗaya ta shiga ƙungiyar masu tseren kwalekwale. Babanta yana ɗinkin takalma a masana'anta. Mamarta kuma tana soya pastel, wani abincin fulawa mai nama a ciki, tana sayarwa a bakin kogi.

Kwalekwalen tsere ƙarami ne, mutum ɗaya yake ɗauka. Ba a zama a cikinsa. Durƙusawa ake yi, a tuƙa da filafili mai baki ɗaya. Da farko Taina ta sha ruwa har ta gode Allah. Amma yarinya ce mai zafin nama. Kafin a ce me, ta wuce duk waɗanda suka fara tare.

To, daga nan fa kai ya fara kumbura. Sai da hular kwano ta kusa yi mata kaɗan.

Wata rana bayan horo, Malam Valdir, mai koyar da su, ya tara yaran a gindin bishiya.

"Ranar Lahadi akwai gasar masu koyo," in ji shi. "'Yan mata ku bakwai ne. Uku na farko su za su bi ƙungiya zuwa babbar gasa a birnin Foz do Iguaçu."

Yara suka sa ihu. Taina ta yi tsalle har rigar ruwanta ta kwance. Ba ta taɓa yin tafiya mai nisa haka ba. Ta sa a ranta cewa ko ana ha-maza-ha-mata sai ta shiga motar tafiyar nan.

Da yamma a gida suna cin shinkafa da wake, ta kasa zama wuri ɗaya.

"Zauna ki yi mini bayani," in ji Baba. "Sandunan nan da suke lilo a kan ruwa, mene ne aikinsu?"

"Ƙofofi ne, Baba. Sanda biyu, ƙofa ɗaya. In koriya ce, mutum ya bi ruwa ya wuce ta ciki. In ja ce, sai ya juyo ya hau ruwa ya shiga ta ƙasa."

"Ya hau ruwa? Ruwan da yake gudu kamar an koro shi?"

"Ai a bayan dutse ake rataya jajayen, inda ruwa yake lafawa. Wanda ya taɓa sanda, a ƙara masa daƙiƙa biyu. Wanda ya tsallake ƙofa, hamsin. Sau biyu kowa zai sauko, a ɗauki wanda ya fi kyau."

"Wanda ya kife fa?" in ji Mama.

"In ya fita daga kwalekwale, wannan zagayen ya tashi a banza."

"Allah ya kiyaye."

"Ni ba zan kife ba, Mama. Kogin nan na san shi kamar yunwar cikina."

Baba ya dube ta ya yi murmushi, ya ci gaba da cin abincinsa.

Ranar Lahadi tun da sassafe Taina ta riga kowa zuwa. An rataya ƙofofin gasa tun jiya. Doka ce, ba mai tuƙawa ya bi ta cikinsu kafin a fara. Sai dai a tsaya a gaɓa a duba da ido.

Ta hau gada ta leƙa. Ruwa kaɗan ne, duwatsu duk suna waje suna shan rana. Ta ƙirga ƙofofin da yatsa. Ƙofa ta tara ja ce, tana rataye kusa da wani baƙin dutse mai kama da saniya a kwance. Yaran ƙungiya Saniya suke ce masa. Kullum a bayansa Taina take juyi.

"Shi ke nan?" ta ce. "Wannan ai ko ido rufe."

Can sai jiniya ta yi ƙara daga sama. Madatsar ruwa ce take sanarwa za ta saki ruwa, kamar yadda take yi duk ranar gasa. Taina ta ji, amma hankalinta ya tafi wani wuri. Ta hango Otavio, ɗan kawunta, yana saukowa daga mota. Daga birnin Porto Alegre ya zo musamman don ya ga tserenta.

"'Yar ƙauye!" ya kira ta. "An ce kin zama kifi."

"Ɗan birni, tsaya nesa kada ka jiƙa takalminka!"

Ta ja shi rumfar Mama. Ta nuna masa hular kwanonta da filafilinta da riga mai lamba. Tana ba shi labari, tana ƙara gishiri. A bayansu kogi ya fara cika, ƙararsa tana ƙaruwa. Ko waiwayawa ba ta yi ba.

Malam Valdir ya busa usur. "Kowa ya zo! Za mu taka gaɓa!"

Al'adar masu tsere ke nan. Kafin a shiga ruwa, sai a bi gaɓa da ƙafa tun daga ƙofar farko har ta ƙarshe. A tsaya a kowace ƙofa a kalli yadda ruwa yake tafiya.

"Taina! Ba ki ji usur ba?"

"Na riga na duba, Malam."

"Kafin ruwa ya zo, ko bayan ya zo?"

"Ai duk kogi ɗaya ne, Malam."

"Ajiye surutu ki biyo mu yanzu."

Ta bi su har ƙofa ta uku. Da ta ga Malam ya sunkuya yana gyara wa wani yaro igiyar hula, sai ta sulale ta koma wurin pastel.

Bayan an gama taka gaɓa, yaran suka bazu a kan ciyawa. Kowa ya rufe ido. Suka riƙe filafilin da babu shi, suna tuƙa iska. Su karkata dama, su karkata hagu, su yi juyi a tsaye. Haka masu tsere suke bin hanyar a cikin kansu kafin su bi ta a ruwa.

Otavio ya saki baki. "Waɗancan fa? Sauro suke kora?"

"Rawar matsorata ce," in ji Taina.

A cikinsu akwai Lorena, 'yar ajinsu. Yarinya ce mai sanyi, ba ta gaggawar komai. Ita ta fi kowa daɗewa tana tuƙa iskar.

"Lorena!" Taina ta ɗaga murya. "A yi a hankali, kada ki nutse a cikin ciyawa!"

Otavio ya yi dariya har da riƙe ciki. Lorena ta buɗe ido ɗaya ta dube su. Ta rufe ta ci gaba.

Aka fara gasa. Gaɓa ta cika maƙil. Tsofaffi sun kafa kujeru, ƙoƙon shayin ganyen da suke kira mate yana zagayawa daga hannu zuwa hannu. Lasifika tana kiran suna, yara suna bin kowane kwalekwale a guje suna ihu.

Layi ya zo kan Taina. Ta durƙusa, ta ɗaure cinyoyinta, ta riƙe filafili. Zuciyarta tana bugawa, amma don daɗi ne.

"Uku, biyu, ɗaya, tafi!"

Ta fita kamar kibiya. Ƙofa ta ɗaya, ta biyu, ta uku! Ruwa mai sanyi ya watsu a fuskarta, ta yi dariya. Yau kogin yana da ƙarfi, yana ɗaukar ta yana gudu da ita. Ta shiga ja ta farko ta fito ko sanda ba ta motsa ba.

"Taina! Taina!" Muryar Baba ce ta fi ta kowa.

Ta wuce ta bakwai. Ta wuce ta takwas. Ta ɗaga kai tana neman Saniya.

Babu Saniya.

Inda ta saba ganin baƙin dutsen, sai wani tudun ruwa mai kumfa. Ruwa ya haɗiye shi ɗungurungum. Jar ƙofar kuma tana can hagu, kusa da gaɓa.

Ta rasa ta inda za ta bi, sai ta nufi inda ta saba. Kwalekwale ya hau tudun ruwan, ya yi sama, ya faɗo can dama. Ƙofa ta tara ta wuce ta gefenta tana lilo.

"A'a!" Taina ta yi ƙara.

Ta kafa filafili da ƙarfi don ta juyo. Ta manta ba ta karkata jikinta ba. Ruwa ya kama gefen kwalekwalen, ya juya shi kamar ana juya waina.

Duhu da sanyi da ƙara. Ta fizge ƙafafunta ta fito, kamar yadda aka koya musu. Rigar ruwa ta taso da ita sama. Wani mai ceto ya jefo igiya daga kan dutse, ta cafke, ya jawo ta gaɓa.

Ba ta ji ciwo ba. Amma kunya ta fi ciwo. Ta ga allo, an rubuta sunan kowa da lokacinsa, gaban nata sunan kuwa babu komai. Lorena ce ta uku.

Ta gudu bayan rumfar ajiye kwalekwale ta zauna tana kuka, haƙoranta suna kaɗawa. Motar Foz do Iguaçu kawai take gani tana tafiya ba ita.

Baba ya same ta a nan. Ya lulluɓa mata tawul, ya tsuguna kusa da ita.

"Me ya faru, 'yata?"

"An sace mini dutse, Baba!"

Baba ya yi ƙoƙari ya danne dariya. "Ɓarawon nan ƙaƙƙarfa ne. Wa ya sace?"

"Ruwa ne. Ya rufe Saniya. Ba laifina ba ne."

"Su sauran yaran, ba a rufe musu ba?"

Taina ta ja tawul ta rufe fuska.

"Na ga lokacin da malaminku ya kira ki," in ji Baba. "Na kuma ga inda kika koma. Na ji abin da kika faɗa wa 'yar mutane."

Hawaye suka sake zubo mata. "Na yi kuskure, Baba."

"To, ba ni za ki faɗa wa ba. Kin ce sau biyu ake saukowa, ko? Tashi, tun rana ba ta yi nisa ba."

Ta sami Malam Valdir a bakin gada. Ta sunkuyar da kai.

"Malam, ka yi haƙuri. Ka ce in biyo ku, na gudu."

"Na ƙirga ku a ƙofa ta tara na ga babu ke," in ji shi. "Na so in hana ki shiga, amma na san akwai masu ceto, na ce bari kogi ya yi miki bayani da kansa. Kin sha tuƙawa a babban ruwa ranakun Asabar. Me kike kallo a lokacin?"

"Bayan kwalekwalenka, Malam."

"Yawwa. Yau kuwa babu kowa a gabanki. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya."

"Malam, ka nuna mini hanyar."

"Ni yanzu zan je wurin ƙananan yara, su za a saki. Ga wadda ta bi ƙofa ta tara ba ta taɓa ko sanda ba. Je ki roƙe ta."

Ya nuna Lorena.

Taina ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ja ƙafa ta je. Lorena tana zaune a kan dutse tana cin ayaba.

"Lorena, ki yafe mini abin da na faɗa ɗazu."

"Ni dai ban nutse a ciyawa ba," in ji Lorena.

"Na sani. Ni ce na nutse," in ji Taina. "Ki nuna mini ta tara, don Allah. Amma ki sani, in na yi kyau zan iya ture ki daga ta uku. In kin ƙi, ba zan ji haushi ba."

Lorena ta gama cin ayabarta tsaf. Ta ninke ɓawon. Sannan ta miƙe.

"Taso. Ba na son in ci ki don kin ɓata hanya."

Suka bi gaɓa tun daga ƙofar farko. A ta takwas Lorena ta tsinki ganye ta jefa a ruwa.

"Bi shi da ido."

Ganyen ya bi wani harshen ruwa mai santsi, ya kauce wa tudun Saniya, ya zame hagu. Sai ga shi yana juyawa a hankali a ƙarƙashin jar ƙofar.

"Kin gani? Lafaffen ruwan ya koma can. Tun kina cikin ta takwas za ki juya hanci hagu. In kin bari kin fito, kin makara."

"Kai!" in ji Taina. "Ashe hanya a buɗe take!"

Suka ƙarasa har ƙofar ƙarshe, Taina tana tambaya, Lorena tana amsawa. A wajen babbar igiyar ruwa ta ƙasa, Lorena ta rage murya.

"Nan ne nake jin tsoro. Kullum sai na daina tuƙi in jira ta wuce."

"Kada ki jira ta! Ki sunkuya gaba ki soka filafili a bayanta. In kina tuƙi ba ta iya kayar da ke."

Da suka dawo kan ciyawa, Taina ta tsaya. Ta waiwaya. Otavio yana can yana kallo, baki cike da pastel. Ta ja numfashi, ta rufe ido, ta ɗaga hannu ta fara tuƙa iska.

"'Yar ƙauye!" ya yi ihu. "Ke ma sauron ya dame ki?"

Ta ji shi, amma ba ta buɗe ido ba. Abin mamaki, sai ga kogin a cikin kanta. Ga ta takwas, ga harshen ruwa, ga ta tara. Ta bi hanyar har ƙarshe, ta sake komawa farko.

Aka kira zagaye na biyu. Taina ta san daga shi babu wani.

"Uku, biyu, ɗaya, tafi!"

Ɗaya, biyu, uku! Ruwa yana tafasa, kwalekwale yana tsalle. Ta wuce ta bakwai. Tana shiga ta takwas ta juya hanci hagu. Harshen ruwan ya ɗauke ta, tudun Saniya ya wuce ta damanta yana ruri. Ta karkata, ta kafa filafili. Kwalekwale ya yi juyi ya tsaya cak a ƙarƙashin jar ƙofa.

Ta ja sau biyu, ta shige, ta fito.

Gaɓa ta ɗauki ihu. Mama ta bar pastel a cikin mai ta fito da matsami a hannu tana tsalle. Taina ta ji wani daɗi da ba ta taɓa ji ba. A ƙofa ta goma sha biyu kafaɗarta ta goga sanda, amma ba ta tsaya ba. Ta fasa babbar igiyar, ta tsallake layin ƙarshe.

Ba ta ko dubi allo ba. Ta jawo kwalekwale gaɓa, ta ruga sama da gudu, ruwa yana ɗiga daga jikinta. An riga an saki Lorena.

Taina ta bi ta a gaɓa tana tsallake duwatsu. "Haka ne, Lorena! Ja! Ja!"

Lorena ta bi ƙofofin tsaf, yadda ta saba. Da ta doshi babbar igiyar, sai hannunta ya fara sanyi.

"Kada ki jira ta!" Taina ta yi ƙara har muryarta ta dushe. "Soka! Soka!"

Lorena ta sunkuya ta soka filafili. Kumfa ta rufe ta gaba ɗaya. Sai ga ta ta ɓullo ta ɗaya gefen, ido a zare, tana tuƙi kamar ba ita ba.

Aka gama. Yara bakwai suka tsaya gaban lasifika. Taina ta kama hannun Lorena. Hannun biyu duk sanyi ƙalau.

Aka kira ta ɗaya, wata doguwar yarinya daga makarantar gaba da gada. Aka tafa.

"Ta biyu, Taina!"

Baba ya jefa hularsa sama. Amma Taina ba ta motsa ba, ba ta kuma saki hannun ba.

"Ta uku..." Mai sanarwa ya tsaya yana gyara tabarau. "Lorena!"

Nan fa suka rungume juna suna tsalle, har suka zube a kan ciyawa. Otavio ya zo da pastel biyu masu zafi, ya ba kowacce ɗaya.

"Gobe ku koya mini korar sauron nan," in ji shi.

Malam Valdir ya tsaya a kansu yana dariya. "To, Taina, me kogi ya faɗa miki yau?"

Ta tashi zaune, ta share bakinta.

"Ya ce komai sanin da na yi wa hanya, in duba ta kafin in bi. Kuma in daina yi wa mai shiri dariya."

"Kin ji da kyau," in ji Malam. "Ku je ku shanya kayanku. Akwai tafiya a gabanku, ku biyun."

Yara, darasin Taina namu ne duka. Sanin jiya ba ya isa aikin yau, sai an sake dubawa. Mu ji maganar malamanmu, kuma kada mu raina kowa. Wanda muka yi wa dariya da safe, wataƙila shi zai nuna mana hanya da rana.